Yadda Darakta Onesmo Ya Tsallakar da Hoto Bayan Dutse

Idan ka sauka a tashar motar Ilongola ka tambayi wa ke da gidan talabijin ɗin garin, kafin kowa ya buɗe baki za ka ji amsa daga bayanka: "Da shi kake magana." Kana waiwayawa sai ka ga wani gajere mai tumbi, cikin kwat ruwan toka, da taye a wuya ko da rana ta take. Onesmo Mhapa ke nan, mutumin da ba ya amsa sunan da uwarsa ta san shi da shi sai an ɗora Darakta a gaba.

Gaskiyar da kowa ya sani, amma ba a faɗa sai ya ba da baya, ita ce ko ƙusa ɗaya ta gidan ba tasa ba ce. Surukinsa ne, Mzee Luvanda, wato Dattijo Luvanda, tsohon dillalin katako, ya sayar da gandun itatuwansa ya sayo na'ura da kyamara, ya kafa eriya a kan rufin wani tsohon sito. Onesmo ta ƙofar aure ya shigo harkar. Ya auri Yustina 'yar tsohon, aka ba shi makulli ya riƙe. To, mai riƙon makulli idan ya daɗe yana jin ƙararsa a aljihu, sai ya fara ganin kamar shi ya gina ɗakin.

"Hotonmu har Malawi ana kama shi," in ji shi wata safiya a shagon shayin Mama Tekla. "Jiya wani ya bugo mini daga Zambiya, wai tayena ya karkace."

"Darakta," in ji Mama Tekla tana juya chapati, wainar fulawa, a kasko, "ni da nake jikin katangarku, sai na riƙe eriyata da hannu ɗaya na ɗaga ƙafa kafin in ga hancinka."

"Kin yi kusa da yawa ne, Mama. Hoto mai ƙarfi ta saman kai yake wucewa."

Hoton dai yana kai wa kasuwa, yana kai wa coci da masallaci, idan ba iska har makarantar sakandare yakan leƙa. Amma a bayan gari akwai Dutsen Nyamlenge, kuma nan hoton yake cin birki. A bayan dutsen kwarin Mtandasi yake, ƙasar tumatir, mai mutane fiye da garin kansa. Ba hoton Ilongola kaɗai ba, ko waya ba ta shiga kwarin nan sai dai a aika da baki. Abin haushin kuma, can ne mahaifar Mzee Luvanda. Mutum ya sayar da daji guda ya kafa tasha, amma bai taɓa zama a ɗakinsa na gado ya kalle ta ba.

Ana haka sai wata babbar tasha ta Dar es Salaam ta fara neman ƙananan tashoshi su ƙulla ƙawance. Za ta ba su ƙwallo da labarun ƙasa da wasan kwaikwayo, su kuma su riƙa tsarma nasu a tsakani. Sharaɗinta ɗaya ne ga Ilongola: dole hoto ya kai Mtandasi, domin masu tallar taki manoman tumatir suke nema, ba masu shan shayin Mama Tekla ba.

"Mtandasi?" in ji Onesmo a waya, ya jingina da kujera. "Ai ko kajinsu sun san muryata."

Suka ce madalla, ranar Asabar ta sama za su turo wakiliyarsu ta gani da idonta.

Mzee Luvanda yana kan benci a gefe, ya ji komai. A lokacin tari ya riga ya kama shi, ya rame har hularsa na yi masa yawa. Ya dubi surukin nasa ya ce, "Onesmo, bakinka ya ciwo bashi, sai ƙafarka ta biya. Idan ƙawancen nan ya kuɓuce, ka ajiye mini makullina. Yustina zan ba."

"Baba, mace da gidan talabijin?"

"Ta riƙe ka shekaru ba ka faɗi ba. Tasha ta fi ka sauƙin riƙo."

Washegari ciwon ya ƙaru, tsoho ya ce a kai shi gida Mtandasi, in mutuwa ce ta same shi a kan ƙasarsa. Yustina ta bi shi jinya. Aka bar Darakta da makulli, da dutse, da Deo mai kyamara, wani dogon mutum da bai taɓa gaggawa ba sai wajen cin abinci.

Dabarar farko ta gora ce. Onesmo ya ce ai dutse tsawo kawai ya fi su, sai a ƙara tsawo. Suka sayo gorori suka ɗaɗɗaura da roba, ɗaya a kan ɗaya, suka ɗora eriya a ƙoli. Rabin unguwa ta fito kallo. Onesmo yana ƙasa yana ba da umarni da hannu ɗaya a ƙugu.

"Dama kaɗan, Deo! Ba damarka ba, tawa!"

"Darakta, tana rawa fa."

"Murna take yi. Sake ta!"

Deo ya sake ta. Eriya ta tsaya cak na ɗan abin da ba a rasa ba, Onesmo har ya juya ya fara jawabi, sai iska ta taso daga gonakin shayi. Gora ta yi ruku'u a hankali kamar mai gaida sarki, sannan ta zube a rufin Mama Tekla, eriya ta ɓula kwano ta sauka a tukunyar wake.

Mama Tekla ta fito da ludayi. "Yau kam na kama ku tas, Darakta! Ko ƙafa ban ɗaga ba!"

Dabara ta biyu ta waya ce. Ya ce tun da eriya ba ta son tsawon aro, sai a kai ta kan dutsen da kansa, a ja waya daga sito zuwa can. Ya kwashe duk wayar da ke shagunan garin, suka yini suna ja. Ta ratsa tasha, ta bi ta bayan asibiti, ta ƙare daidai rumfar mahauta, dutse kuwa yana can nesa yana kallonsu. Da gari ya waye matan unguwa sun shanya zannuwa a kanta tun daga farko har ƙarshe, wata ma ta aiko a ce wa Darakta Allah ya saka, amma a ɗan ɗaga ta wajen kwalbati, awaki na cin wanki.

Da yamma ya zauna a ofis ya yi tagumi, ga kofin ulanzi, giyar gorar nan tamu, yana kumfa a gabansa. Deo kuwa ko a jikinsa. Ya cusa filashi a bayan talabijin yana kallon bikin auren ƙanwarsa. Onesmo ya dubi allon, ya dubi ɗan abin da ke maƙale a baya, bai kai ɗan yatsa ba. Sai ya daki tebur har ulanzi ya fantsama.

"Deo! Idan hoto ya ƙi tsallake dutse da fiffike, me zai hana ya tsallaka a aljihu?"

Ga yadda ya tsara. A duk Mtandasi wuri ɗaya ne mai babban talabijin da janareta, gidan kallon Mapunda. Za su ɗauki shirin Asabar tun yanzu, su manna KAI TSAYE da ja a kusurwa, su sa a filashi. Idan baƙuwa ta iso, Mapunda ya kunna. Ta gani, ta sa hannu, ta koma bakin teku. Kafin asiri ya tonu, ai an san yadda za a yi da dutse.

"Wa zai karanta labarun?" in ji Deo.

Onesmo ya gyara taye. Tambayar ma raini ce.

Ya karanta farashin tumatir da ka. Ya yi hasashen yanayi, ya ce yau Asabar rana ce tas, kowa ya shanya masararsa. Ya gai da manoman Mtandasi, amintattun masu kallo. Yana shirin rufewa sai Deo ya leƙo daga bayan kyamara.

"Darakta, ba sanarwar rasuwa?"

Nan fa gizo ke saƙa. A wajenmu ba don labarai ake kunna Talabijin Ilongola ba. Ana kunnawa ne a ji wa ya tafi, ina za a binne, a san ko za a ɗaura zane a ɗauki garin masara a nufi gidan makoki. Shirin da ba sanarwar rasuwa, ko jariri ya san ba na tasharmu ba ne. Tsofaffin mamata kuma ba za su yi ba, an riga an ci waken makokinsu.

Onesmo ya murza haɓa. Da safen nan kwandastan motar kwari ya gaya masa cewa an kira Fada, limamin coci, ya shafa wa Mzee Luvanda man addu'ar ƙarshe, ko ruwa ba ya wucewa, mata sun fara share tsakar gida.

"Ba zai kai Asabar ba," in ji shi a hankali.

"Darakta! Surukinka ne fa."

"Shi ya sa. Wa ya fi ni haƙƙin sanarwa? Kuma ka tuna, babbar tasha ba ta jiran labari, labari ke iske ta. Kunna."

Ya zaro hankici, ya sassauta murya, ya sanar da rasuwar uba, jigo, bango abin jingina. Da abin ya yi masa daɗi, sai ya ƙara da cewa marigayin ya bar gidan talabijin a hannun amintaccen surukinsa.

Saura kai saƙo. Shi dai ba zai taka Mtandasi ba, kada Yustina ta riƙe shi a bakin gadon jinya. Sai ga Mapunda ya shigo gari sayen man janareta. A ƙabila, Mapunda Bangoni ne, Onesmo kuwa Bahehe kamar surukinsa, wato abokan wasa ne, abin da muke kira mtani. Tun da kakanninmu suka gaji da sukar juna da mashi suka koma sukar juna da baki. Bangoni zai zage ka a gaban surukanka ka yi dariya. Ranar da Bahehe ya mutu kuwa, gidan na Ngonawa ne. Su ke haƙa kabari, su ke girki, dabbar da idonsu ya faɗa kanta ta zama nama, kuma ba mai ikon ɗaure fuska. Mu ma haka muke yi musu.

"Mtani," in ji Mapunda, "wannan tumbin wata nawa ne? A gaya mana mu shirya suna."

"Rufe baki, jikan bayin kakana. Aiki zan ba ka." Ya ja shi bayan famfon mai ya danƙa masa filashin, ya yi masa bayani. "Kada ka kuskura ka kunna sai ka hango motarmu a kan gada. Ka rantse."

"Na rantse da tumbinka."

"Da abu mai daraja!"

"Ai duk garin nan ba abin da aka kashe wa dukiya kamarsa."

Onesmo ya koma ofis yana fito. Wanda duk ya ba kura ajiyar nama yakan yi barci mai daɗi a daren farko.

Ranar Asabar aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wakiliyar ta iso a mota fara, wata siririyar mace mai tabarau, Madam Zuhura Shomari, irin mutanen nan da ke barin ka ka yi ta magana har ka gaji ka faɗi abin da ba ka yi niyya ba. Onesmo ya shige gidan gaba ba a ce masa bismilla ba.

Suna hawa dutse ta dubi wayarta. "Sabis ya ɗauke."

"Waya daban, talabijin daban, Madam. Namu ta ƙarƙashin ƙasa yake bi, kamar rogo."

"Kamar rogo," in ji ta.

"Fasahar Jamus ce."

Suna gangarawa kwari sai suka fara cin karo da mata, zane a ka zane a ƙugu, wasu da itace wasu da ƙullin gari, ana tafe ana kuka. Daga gidan Mzee Luvanda hayaƙi na tashi cikin ruwan, ƙamshin nama har cikin mota. Onesmo ya sauke gilashi ya tsayar da wani mai keke.

"Lafiya, ɗan'uwa?"

"Ina lafiya? Mzee Luvanda ya tafi. Tun da safe aka faɗa a talabijin."

Onesmo ya ja tsaki a ransa. Ashe ɗan banzan Bangonin nan bai jira gada ba. Amma sai ga wasu samari sun wuce da wata fata jajir da jini, fatar babban bijimin tsoho mai farin goshi. Ai ba a yanka bijimi don jita-jita. Tsoho ya cika alƙawari ke nan, ya tafi a kan lokaci. Ga kuma baƙuwa ta ji da kunnenta an ce a talabijin. Tsuntsu biyu da dutse ɗaya, har da ƙwai a sheƙa.

Ya fashe da kuka. "Wayyo Baba! Wayyo bangona!" Ya share ido ɗaya ya leƙo ta ɗayan. "Kin dai ji, Madam? A talabijin. Nan, Mtandasi."

"Na ji. Allah ya ba ku haƙuri. Ko mu fara zuwa gidan makokin?"

"A'a, a'a, marigayi mutum ne mai son aiki. Mu gama da gidan kallo tukuna. Af, takardun ƙawancen kuma, da sunana za a yi. Wasiyya ce."

Gidan kallon Mapunda rumfar kwano ce mai bencina, ranar kuwa ko allura ba ta da wurin faɗuwa. Mapunda ya tarye su a ƙofa, leɓɓansa na ƙyalli da maiƙo, da tsinke a baki.

"Maraba da maraya! Mtani, ashe haka Allah ya yi? Naman dai ya yi taushi."

"Na ce sai ka ga mota," in ji Onesmo ta gefen baki.

"Na ga mota mana. Ta tumatir. Ba ka ce wace iri ba."

Aka ba baƙuwa kujera a gaba, Onesmo ya zauna kusa da ita ya harɗe ƙafa. Mapunda ya danna. Kiɗan tasha ya tashi, sai ga Darakta Onesmo Mhapa ya cika allo, da kwat ruwan toka, KAI TSAYE na walƙiya da ja a saman kunnensa.

"Kin ga tsabtar hoto?" in ji na kan kujera. "Ko a Dar sai an tona."

Madam Zuhura ta dubi allo. Ta dubi na gefenta. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

"Darakta, wancan kai ne?"

"Ni ne, Madam."

"Kai tsaye?"

"Tsaye ƙyam."

"To wannan da ke zaune kusa da ni fa?"

Sai a lokacin abin ya faɗo masa. Duk lissafin da ya yi, bai taɓa tuna cewa mutum ɗaya ba ya zama a wuri biyu ba. Ya gyara taye.

"Wato, Madam, saboda nisan dutse, hoton yakan ɗan makara a hanya."

"Har ka riga shi isowa a mota?"

"Direbanki yana da gudu."

Wata tsohuwa daga bencin baya ta miƙo hannu ta mintsine shi a wuya. Ya yi ƙara. "Wannan ne na gasken," ta sanar wa jama'a. "Wancan kurwarsa ce. Dama na daɗe ina zargin tumbin nan."

Na cikin allo ya yi murmushi ya ce yau Asabar rana ce tas, kowa ya shanya masararsa. Ruwa kuwa yana dukan kwano har ba a jin ƙarshen maganar. Rumfa ta kwashe da dariya.

"Yanayin Ilongola yake nufi," in ji Onesmo.

"Daga Ilongola muke," in ji Madam Zuhura. "Har takalmina ya jiƙe."

Kafin ya samo amsa, kiɗan makoki ya tashi a allo, na ciki ya zaro hankici. A daidai lokacin aka ji waƙa daga waje, irin ta Ngonawa idan sun ɗauko gawar Bahehe, rabi kuka rabi zagi. Ƙarti suka shigo ɗauke da gadon igiya a kafaɗa, an lulluɓe na kai da bargo tun daga ka har ƙafa. Suka dire shi a gaban talabijin. Yustina na biye da su, zanenta sharkaf, fuskarta kamar hadarin da ke waje.

Onesmo ya ga dama ta samu ya kawar da zancen yanayi. Ya zube a gwiwa ya rungumi ƙafafun gadon.

"Baba! Ka tafi ka bar ni da nauyi! Wa zai ba ni shawara? Da ma ni mutuwa ta ɗauka ta bar ka!"

Bargo ya motsa. Wata murya ta fito daga ciki, siririya amma tas.

"Matsa, kana tare mini hoto."

Onesmo ya yi baya da rarrafe har ya hau ƙafar Madam Zuhura. Mzee Luvanda ya yaye bargo ya tashi zaune, da hularsa, da ɗan kwanon kunu a cinya.

Abin da ya faru shi ne, tun daren da Fada ya shafa masa mai zazzaɓin ya sauka, washegari ya nemi ugali, tuwon masara, da kifi. Yau da safe yana zaune a baranda yana shan kunu sai ga Ngonawa da fatanya da wuƙaƙe. Ya ce lafiya? Suka ce ka mutu, an faɗa a talabijin, koma ciki ka kwanta. Ya ce ga ni ina shan kunu. Suka ce wannan tsakaninka da tasharka ne, mu dai al'ada za mu yi. Yana ji yana gani suka kayar da bijiminsa, kuma ba shi da bakin yin fushi. Sai ya ce to, a kai shi ya ga mutuwar tasa da idonsa.

"Gawa ba ta magana," in ji Mapunda. "Kwanta, Mzee, kana ba mu kunya a gaban baƙuwa."

"Bari in ji abin da aka ce a kaina tukuna, ɗan ɓarayin shanu."

Kowa ya zuba wa allo ido. Na cikin allo ya kira shi uba, jigo, bango abin jingina. Tsoho yana gyaɗa kai yana kurɓar kunu. Aka zo wajen amintaccen suruki da gadon tasha, sai ya ajiye kwanon. Deo kuwa, da yake bai taɓa yanke komai a rayuwarsa ba in ba nama ba, ya bar ƙarshen ɗaukar yadda yake. Na cikin allo ya sauke hankici, ya dubi gefe ya ce, "Ya fito? Hawayen bai fito ba. Miƙo albasar nan mu sake."

Abin da ya biyo baya ba dariya ba ce, ɓarin jiki ne. Wani ya faɗo daga benci. Tsohuwar da ta yi mintsini tana ta neman wanda zai riƙe ta. Madam Zuhura ta tashi a nitse ta zagaya bayan talabijin, ta zaro filashin ta ɗaga shi sama. Allo ya koma tsaki-tsaki yana shuu, wato ainihin Talabijin Ilongola kamar yadda Mtandasi ta san shi.

"Ga rogon," in ji ta.

"Madam, gwaji ne. Ana yin haka a Turai kafin..."

"Baban Neema," in ji Yustina, tana kiransa da sunan 'yarsu. Ba ta ɗaga murya ba, amma bakinsa ya rufe kamar an ja zip. "Ubana ka kashe don kujera?"

"Maman Neema, ba kashewa ba ce, hasashe ne. Kwandasta ne ya..."

"Kamar na rana tas?"

Madam Zuhura ta durƙusa ta gai da tsoho. "Mzee, kai ne mai tashar?"

"Haka ake cewa kafin in mutu, 'yata."

"Hotonku bai zo nan ba, don haka ba zan sa hannu ba. Amma na ga mutanen da ke cika rumfa cikin ruwa don tashar da ba sa kamawa. Idan kun kafa ƙaramar na'ura a kan dutsen nan, ku neme ni. Da wa zan yi magana?"

Tsoho ya miƙa tafin hannu wajen surukinsa. Onesmo ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu, ya duba na ƙirji, kamar makullin zai ji tausayinsa ya ɓace. Bai ɓace ba. Tsoho ya karɓa ya ajiye a hannun Yustina.

"Saura abu ɗaya," in ji Mzee Luvanda. "Labarin nan ya riga ya hau tsaunuka. Dangi na can suna ɗaure kaya, wasu sun kamo hanya. Idan suka iso, waɗannan kurayen za su ce baƙi sun ƙaru, su kayar mini da saniya ta biyu."

"Mun ma zaɓe ta," in ji Mapunda.

"Dole a sanar cewa ina raye."

Onesmo ya miƙe ya gyara taye, jininsa ya ɗan dawo. "Baba, ka bar wannan a hannuna. Yau ɗin nan zan sanar a talabijin."

Sai da tsoho ya jira rumfa ta gama dariya.

"Wane talabijin? Da ƙafa za ka je. Gida gida, har ƙarshen kwari. Mapunda zai raka ka, kada ka makara a hanya kamar hotonka."

Haka aka yi. Darakta ya shiga taɓo da takalmin ofis, Mapunda na bayansa da lema, ya rufe kansa shi kaɗai. Kowace ƙofa sai ya tsaya ya yi sallama ya ce Mzee Luvanda yana nan da ransa, yana gaisuwa. Wasu suka yi hamdala, wasu suka tambayi ko duk da haka akwai sauran nama. Taye ya tafi a wata ƙaya, kwat ya koma launin gona, takalmi ɗaya ya zauna a rafi ya ce shi ya iso.

Rana na shirin faɗuwa suka kai gida na ƙarshe a gindin dutse, inda wata gyatuma ke ɗaure ƙullin gari za ta tafi makoki.

"Kaka, kwance kayanki," in ji Onesmo da ragowar muryarsa. "Mzee Luvanda bai mutu ba."

Ta dube shi daga ƙafar da ba takalmi har zuwa kan da ke ɗigar ruwa.

"In ji wa?"

"In ji ni. Yanzu na baro shi yana shan kunu."

"Tafi can, mashayin ulanzi. Jikata ta gani da idonta da safe. Babban mutum ne ya faɗa, mai kwat da taye, har da hawayensa. Kai wane ne da za ka ƙaryata Darakta?"

Ta ɗora ƙullinta a ka, ta ratsa tsakaninsu ta kama hanyar gidan makoki.

Onesmo ya bi ta da kallo har ta sha kwana. Sannan ya kai hannu wuya ya gyara inda taye yake a da, ya juya wajen Mapunda, fuskarsa ta washe.

"Ka dai ji da kunnenka, mtani. Har gindin dutse an san ni."